Ina Rubutu Zai Zauna a Hoton Bangon Bidiyo? Nazari a kan Motsin Ido da Iyakokin Manhaja

Tsakure

Shawarar da ta fi yawo tsakanin masu tsara hoton bangon bidiyo ita ce a ajiye rubutu a kusurwar sama ta hagu, wai don daga nan ido ke fara karatu. Wannan maƙala ta auna shawarar da abin da binciken motsin ido ya nuna, da kuma yadda YouTube da Instagram da TikTok ke baje hoton a gaban mai kallo. Matsayin da ta ɗauka shi ne, daga fuskar da ke cikin hoto ake auna gurbin rubutu, bayan an cire wuraren da manhaja ke rufewa ko datsewa, kuma babu wata kusurwa da ke da daraja ta kanta. An amsa suka huɗu da ake yi wa wannan matsayi, an kuma dubi abin da yake nufi ga tashoshin Hausa.

Gabatarwa

Hoton bango shi ne ɗan hoton da ke wakiltar bidiyo kafin a buɗe shi, kuma shi mai kallo ke fara cin karo da shi yana jan allon wayarsa. A baya YouTube ya daɗe yana ba da shawarar a yi shi da faɗin fiksel 1280 da tsayin 720, wato ma'aunin 16 da 9. Kamfanin ya ce kashi 90 cikin 100 na bidiyoyin da suka fi samun karɓuwa suna ɗauke da hoton da aka tsara musamman domin su, maimakon wanda na'ura ta tsinto daga cikin bidiyon. Ya kuma ce rabin tashoshi da bidiyoyin da ke dandalin, waɗanda ke latsa hotonsu ba sa wuce kashi 2 zuwa 10 cikin 100 na waɗanda aka nuna wa shi. Ke nan a mafi yawan lokuta, cikin mutum 100 da hoton ya gilma ta gabansu, 90 ko fiye sun wuce abinsu. A irin wannan kasuwa ƙaramin kuskure na da tsada, shi ya sa tambayar inda za a sa kalmomi uku ko huɗu a kan hoto ta cancanci a zauna a kanta da hujja, ko da yake a ido ƙaramar magana ce.

Amsoshin da ake bayarwa galibi na wuri ne tsayayye: sama ta hagu, ko kashi ɗaya bisa uku na gefen hagu, ko mahaɗar layukan da ke raba hoto gida tara. Duk aro ne daga wasu sana'o'i. Raba hoto uku-uku ya fito ne daga masu zanen fenti, John Thomas Smith ya rubuta shi tun 1797 yana magana a kan zanen karkara. Fifita sama ta hagu kuwa gadon shafin jarida ne, inda Edmund Arnold ya koyar da cewa ido na shiga shafi ta nan ya fice ta ƙasan dama. Babu ɗaya daga cikinsu da aka yi domin hoto mai faɗin santimita 7 da ke wucewa cikin daƙiƙa biyu, da fuskar mutum a tsakiyarsa, da tambarin manhaja a kan gefensa.

Kasafin kallo

A 2016 kamfanin Netflix ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan yadda masu kallonsa ke zaɓen fim. Ya gano cewa hoto ne ke cin sama da kashi 82 cikin 100 na hankalinsu yayin da suke dubawa, kuma matsakaicin lokacin da suke ba kowane fim kafin su wuce shi ne daƙiƙa 1.8. Gaskiya ne masu kallon Netflix ba su ne masu kallon YouTube ba, kuma zaɓen fim a falo ya bambanta da jan allon waya a cikin mota. Duk da haka adadin na nuna girman abin da ake magana a kai, kuma YouTube da kansa yana ƙirga cewa an ga hoto da zarar rabinsa ya bayyana a allo sama da daƙiƙa ɗaya. To me ido ke iya yi cikin wannan ɗan lokaci? Ido ba ya shafar hoto a hankali kamar yadda mai shi ke zato. Tsayawa yake yi ya yi tsalle, ya sake tsayawa, kuma a lokacin tsayawar ne kawai yake ɗebo bayani. Kowace tsayawa na cin kimanin rubu'i zuwa sulusin daƙiƙa. In aka raba daƙiƙa 1.8 da wannan, abin da ke hannu bai wuce tsayawa 5 zuwa 7 ba, kuma ba duka ne na hoton ba, domin taken bidiyon da sunan tasha da adadin waɗanda suka kalla duk suna ƙasa suna jiran rabonsu. Wannan shi ne kasafin da mai zane ke aiki da shi, kuma kowane tsalle da ya tilasta wa ido yi daga ciki ake cirewa.

Abu na biyu shi ne ƙanƙantar wurin da ido ke gani tar. Tsakiyar gani, inda haruffa ke fita sosai, faɗinta kimanin digiri 2 ne. Mu ɗauki waya a nisan santimita 33 daga fuska, hoton bango kuma ya cika faɗinta, santimita 7. Lissafi ya ba da kusan digiri 12 ga faɗin hoton gaba ɗaya, tsakiyar gani kuwa santimita 1 da 'yan kai. Ashe ko a wannan ɗan hoto, abin da ido ke gani sosai a tsayawa ɗaya bai fi kashi ɗaya cikin shida na faɗinsa ba. Sauran ana ganinsa ne da gefen ido, kuma gefen ido na da wata matsala da masanin nan na ƙasar Holan, Herman Bouma, ya bayyana a 1970: harafin da za a iya gane shi in yana shi kaɗai, yakan dagule in an jera masa maƙwabta, sai fa in tazarar da ke tsakaninsu ta kai kusan rabin nisan da ke tsakaninsa da inda ido ya tsaya. Mu sa wannan a kan hotonmu. Kalmar da ke digiri 6 daga inda ido yake, haruffanta na buƙatar tazarar digiri 3 kafin a karanta su ba tare da tsalle ba, wato rubu'in faɗin hoton tsakanin kowane harafi da na kusa da shi, abin da ba mai yiwuwa ba ne. Kalmar da ke digiri 2 kuwa, tazarar digiri 1 ta ishe ta, kimanin fiksel 107 a hoto mai faɗin 1280, wanda shi ne girman manyan haruffan da ƙwararru ke amfani da su dama. Wannan lissafi kimantawa ce, domin girman waya da nisanta daga fuska na sauyawa, amma alkiblarsa ba ta sauyawa: rubutun da ke kusa da inda ido ya sauka ana fara ɗanɗanarsa tun kafin a dube shi, wanda ke nesa kuwa sai an biya masa tsalle.

Ina ido ke fara sauka?

In kusanci ne ma'auni, tambayar ta koma: kusanci da me? Binciken sama da shekara 50 ya ba da amsa mai ƙarfi. Alfred Yarbus, a littafinsa da aka buga da Rashanci a 1965 aka fassara zuwa Ingilishi a 1967, ya bi motsin idon mutane suna kallon wani zane na Ilya Repin, ya nuna ido na komawa kan fuskoki a kai a kai, a cikin fuskar ma kan idanu da baki. Benjamin Tatler a 2007 ya nuna cewa masu kallon hoto a allo na karkata zuwa tsakiyarsa, musamman a tsayawar farko, ko da abubuwan jan hankali suna gefe. A 2009 Moran Cerf da Paxon Frady da Christof Koch suka wallafa a mujallar Journal of Vision cewa fuska da rubutu duka biyun na jan ido fiye da sau 10 a kan wasu wuraren hoto masu girma da matsayi irin nasu, fuska ce a gaba, kuma ko an umarci mai kallo kada ya dube su, yana shan wuya kafin ya kauce. Abin lura a nan shi ne, hoton bango mai fuska da rubutu yana da abubuwa biyu masu ja da ƙarfi. In an raba su nesa, suna jayayya a kan ido. In an haɗa su kusa, jan ya zama ɗaya.

Fuska ba ta tsaya ga jan ido ba, tana kuma aika shi. Chris Kelland Friesen da Alan Kingstone a 1998 sun yi gwaji da zanen fuska mai sauƙi, da'ira da ɗigon idanu kawai, suka ga mutane sun fi saurin ganin abin da ya bayyana a gefen da idanun ke kallo, alhali an gaya musu kallon ba ya nuna inda abin zai fito. A 2011 Sam Hutton da Sarah Nolte suka kai wannan kan tallan mujallu, suka samu cewa in mai tallar na kallon hajar, masu karatu sun fi daɗewa suna duban hajar da tambarin kamfani fiye da in tana kallon mai karatu. Ga mai tsara hoton bango ma'anar a fili take. In wanda ke hoton ya juya dama, gurbin rubutu na damansa ne, a daidai tsayin idanunsa ko ƙasa kaɗan, ko da kuwa littafin koyarwa ya ce hagu. Sa rubutu a bayan ƙeyarsa tilasta wa ido ne ya yi gaba da inda aka tura shi, sannan ya dawo ya tsallake fuskar ya nemi kalmomin, tsalle biyu a inda ɗaya ya isa. In kuwa fuskar na kallon mai kallo kai tsaye, ba ta aika ido ko'ina, sai a zaɓi gefen da ya fi fili da natsuwar launi, a matso da rubutun jikin kafaɗa. Abu ɗaya ne bai kamata ba, a ɗora rubutu a kan idanu ko baki, domin nan ne fuska ke ɗauke da saƙonta.

Hoton da ba shi da fuska, kamar na girki ko gyaran inji ko taswira, ƙa'idar ba ta faɗi ba. Abin da ya fi girma da fita shi ke maye gurbin fuskar, karkata zuwa tsakiya kuma ta ƙara ƙarfi. Binciken Rik Pieters da Michel Wedel na 2004, a kan tallan mujallu 1363, ya ƙara wani haske: hoto na kama hankali komai girmansa, rubutu kuwa gwargwadon filin da ya ci yake kamawa. Don haka rage girman rubutu domin ya shiga wata kusurwa da aka ce mai albarka ce asara ce da aka auna aka gani.

Wuraren da ba na mai zane ba

Mai tsara hoton bango ɗan haya ne, maigidan kuwa na da kayan da ya ajiye a ɗakin ba tare da neman izini ba. A YouTube, kusurwar ƙasa ta dama ta tambarin tsawon bidiyo ce, baƙin akwati mai farin rubutu, nan ne kuma alamar shirin kai tsaye ke fitowa. Gefen ƙasa gaba ɗaya na jan layin da ke nuna inda mai kallo ya tsaya ne, in ya taɓa buɗe bidiyon. A kwamfuta, kusurwar sama ta dama ce maɓallan ajiye bidiyo don kallo daga baya ke bayyana in an kai manuni kan hoton. Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne, tambarin tsawon bidiyo ba ya raguwa daidai da raguwar hoton, saboda dole ya karantu. A babban hoto ɗan wuri yake ci, a ƙaramin hoton jerin gefe kuwa rabonsa ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma bidiyon da ya haura awa ɗaya tambarinsa ya fi tsawo. Wanda ya auna gurbin a babban allon da yake aiki a kai, ya bar masa abin da yake ganin ya isa, zai tarar da harafinsa na ƙarshe a ƙarƙashin akwatin a wayar mai kallo. Ga bidiyoyi masu tsawo, irin su karatun tafsiri da finafinai, wannan kusurwa gara a ɗauka babu ita kwata-kwata.

Datsewa ta fi rufewa ɓarna, domin abin da aka datse ya tafi ɗungurungum. Hoton 1280 da 720 in aka mayar da shi murabba'i, fiksel 280 ne ke faɗuwa daga kowane gefe, kuma da su kusurwar sama ta hagu ke tafiya. Bidiyon tsaye mai ma'aunin 9 da 16, wato 1080 da 1920, in aka nuna shi a jerin shafin mai tasha da ma'aunin 3 da 4, fiksel 240 ke fita daga sama, 240 daga ƙasa. TikTok da Instagram duk suna datse bangon bidiyo a irin wannan jeri, suna kuma ɗora adadin kallo a ƙasan hagu. A farkon 2025 Instagram ya sauya jerin shafi daga murabba'i zuwa mai tsayi, hotunan da aka tsara wa tsohon ma'auni suka wayi gari da rubutu a yanke. Masu aikin talabijin sun daɗe da sanin wannan ciwo. Tun zamanin akwatin da ke cinye gefen hoto suka ware iyakar da rubutu ba ya ƙetarewa, kuma ƙa'idar Tarayyar Kafofin Yaɗa Labarai ta Turai ga allon 16 da 9 ita ce a bar kashi 5 cikin 100 a kowane gefe. A hoton bango wannan ya kama fiksel 64 hagu da dama, 36 sama da ƙasa. Wannan mafi ƙaranci ke nan, kuma duk wani matsi da manhaja ke yi yana tura rubutu ciki ne, zuwa wajen fuska, inda binciken ido ma ya ce ya je.

Sai girma. An daɗe ana nuna hotunan jerin gefe na YouTube a kwamfuta da faɗin fiksel 168, wato kusan kashi 13 cikin 100 na asalinsu. Harafi mai tsayin 60 ya koma 8, mai 120 ya koma 16. A ɗaya ɓangaren, shugaban YouTube, Neal Mohan, ya sanar a Fabrairun 2025 cewa a Amurka talabijin ta zama na'urar da aka fi kallon dandalin a kanta. Hoto ɗaya ne zai yi aiki a bangon falo da kuma tafin hannu, don haka da mafi ƙanƙanta ake yanke hukunci. Ga masu rubutu da Hausa akwai ƙarin dalili. Lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ a saman harafi take, siririya ce, ita ce kuma ke fara ɓacewa in hoto ya ƙanƙance, ko an zagaye harafin da layi mai kauri, ko an manna shi da gefen sama, ko bayansa ya cika da tarkace. Da ta ɓace, ƙasa ta zama kasa. Ma'aunin da hukumar W3C ta gindaya don sauƙin karatu a intanet, bambancin haske na 3 da 1 ga manyan haruffa, 4.5 da 1 ga ƙanana, ya kamata a ɗauke shi a matsayin matakin farko kawai, tunda mai kallo na iya kasancewa a tsakar rana da ƙaramar waya a hannu. Gurbin da bayansa ke da launi ɗaya lafiyayye ya fi kowace kusurwa.

Suka da amsa

Suka ta farko ita ce mafi nauyi. Za a ce ai fifikon hagu ba tatsuniya ba ce. Jakob Nielsen a 2006 ya bi idon mutum 232 suna karanta shafukan intanet, ya ga kallonsu na zana siffar harafin F, daga sama ta hagu. José Ossandón da abokan aikinsa a Jami'ar Osnabrück ta Jamus sun nuna a 2014 cewa ko a kallon hoto, tsalle-tsallen farko na ɗan karkata hagu. Duk wannan gaskiya ne, amma a duba abin da aka auna. Siffar F a kan shafuka masu cike da rubutu aka gan ta, kuma cibiyar Nielsen ɗin da kanta ta yi bayani daga baya cewa tana fitowa ne in shafin bai ba ido wata alama da zai bi ba, a Larabci kuma juyawa take yi. Hoton bango mai fuska ya riga ya ba da alama mafi ƙarfi. Karkatar hagu kuwa 'yar kaɗan ce, ta farkon kallo, ba ta kai ƙarfin jan fuska ba. Abin da za a iya ɗauka daga gare ta shi ne, in komai ya yi daidai, wato fuskar na kallon gaba kuma gefe biyu duk a buɗe suke, hagu ya ɗan fi, balle ma a YouTube kusurwoyin dama biyu duk suna da mai su. Raba gardama take yi in an yi kunnen doki. Akwai kuma binciken Zaeinab Afsari da Ossandón da Peter König na 2016, wanda ya shafe mu kai tsaye. Sun gwada mutanen da suka tashi da rubutun dama zuwa hagu suka kuma iya na hagu zuwa dama, suka ga alkiblar rubutun da suka karanta dab da kallon hoto na sauya inda idonsu ke karkata. Miliyoyin Hausawa da allo suka fara karatu kafin boko, ko suka haɗa biyun, kuma hotunan bangon wa'azi da ƙira'a sukan ɗauki Larabci da boko a tare. Dogaro da hagu a matsayin ɗabi'ar kowane ido bai dace da irin waɗannan masu kallo ba, kuma wannan fage ne da sassan koyon aikin jarida da na harsuna a jami'o'inmu za su iya aunawa da kansu. Jan fuska kuwa ba ruwansa da alkiblar rubutu.

Suka ta biyu ta masu cewa a bar gardama, a gwada. Tun 2024 YouTube ya buɗe wa masu tashoshi hanyar sa hoto har uku a bidiyo ɗaya, ya raba su ga masu kallo, ya bayyana wanda ya yi nasara. Kayan aiki ne mai kyau, kuma ya kyautu da aka sa ma'auninsa ya zama lokacin da aka ɓata ana kallo maimakon yawan latsawa, domin hakan na rage ribar hoton yaudara. Sai dai gurbi uku ne kawai, gwajin na iya kai mako biyu, kuma tashar da masu kallonta ba su da yawa sau da dama za a ce mata bambanci bai fito ba. Gwaji na zaɓa ne cikin abin da aka ba shi. In ukun duk sun jefa rubutu nesa da fuska, zai fitar da mai dama-dama cikin marasa kyau. Sanin yadda ido ke aiki ne ke gaya wa mai zane waɗanne uku suka cancanci a gwada.

Suka ta uku gajeriya ce: me ya sa ma za a sa rubutu, ga take a ƙasa? Facebook ya yi shekaru yana takura tallan da rubutu ya ci fiye da kashi 20 cikin 100 na hotonsa, kafin ya janye dokar a 2020. Akwai gaskiya a nan. Rubutun da ke maimaita take ɓarnar kasafi ne, kuma hoton da ya faɗi maganarsa ba ya buƙatar ƙari. Amma waya na gutsure dogon take, wasu bayanai kuma hoto ba ya iya faɗarsu, kamar lambar kashi ko farashi ko sunan sura. Wannan suka na rage yawan kalmomi ne, ba ta taɓa maganar gurbinsu ba.

Suka ta huɗu daga masu finafinai masu dogon zango take fitowa, kuma da ita ya kamata a fi yin adalci. Tun da Kannywood ta karkata zuwa YouTube, musamman daga 2020 da shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina, mai kallo na zuwa ne yana neman abu ɗaya, lambar kashin da ya tsaya. Yarbus da kansa ya nuna cewa tambayar da ke zuciyar mai kallo na sauya hanyar da idonsa ke bi, kuma wanda ke neman lamba cikin hotuna 40 masu kama da juna ya fi samun sauƙi in kullum a wuri ɗaya take. In gurbin rubutu zai riƙa bin fuska, yau dama gobe hagu, ai an wahalar da shi. Wannan hujja karɓaɓɓiya ce, amma rubutu iri biyu ta haɗa. Akwai rubutun shaida, lambar kashi da tambarin shiri, wanda mai nema ya san da shi, zai kuma biya masa tsalle da son ransa. Wannan ya zauna wuri ɗaya, a sama, cikin iyakar da ba a datsewa, nesa da akwatin tsawon bidiyo, domin babu abin takaici irin lambar kashi da lambar mintuna su hau kan juna. Akwai kuma rubutun jan hankali, wanda aka yi domin baƙon da bai san shirin ba, shi ne kuma ke buƙatar kusanci da fuska. Matsalar da ta fi damun hotunan finafinanmu ma ba wannan ba ce, gadon fosta ce. A zamanin kaset da faifai, fostar da za a liƙa a shagunan Ƙofar Wambai aikinta ta jera duk jaruman da ke fim ɗin, mai saye na tsaye yana da lokacin duba kowa. In aka matse wannan tsari cikin santimita 7, fuska shida na jan ido gida shida, babu wadda rubutu zai raɓa, sai a cusa shi a ƙasa inda jan layi da baƙin akwati ke jira. Binciken Netflix da aka ambata ya gano cewa hoto na rasa ƙarfi da zarar mutanen cikinsa sun wuce uku.

Wannan ya mayar da alhakin gurbin rubutu baya, daga teburin edita zuwa wurin ɗaukar fim. Editan da aka miƙa wa hoton da aka tsinto daga cikin bidiyo, fuska a tsakiya da cunkoso hagu da dama, ba shi da zaɓi sai ya rufe wani abu ko ya ƙanƙance haruffa. In shirin ya tsayar da cewa lambarsa na sama ta hagu, sai darakta ya sa a ɗauki hoton bango da gangan tun a lokeshin: jarumi ɗaya ko biyu a tsakiya zuwa dama, kai sama da inda akwatin mintuna zai faɗo, kallo ya karkata hagu, bayan kuma fili mai launi ɗaya da zai ɗauki kalma uku masu tsayin fiksel 120. Ɗaukar irin wannan hoto bai fi 'yan mintuna ba a ƙarshen fitowa, fitilu na kunne, jarumai kuma ba su cire kayan wasa ba.